Masu hawan dutse na haɗa kuɗi su sayi duwatsu: tambayoyi da amsoshi

A gabashin jihar Kentucky ta Amurka akwai wani kwazazzabo mai suna Red River Gorge, mai cike da bangayen dutsen yashi waɗanda suka sunkuyo kamar za su faɗo kan mutum. Daga ƙasashe da dama ake zuwa hawansu da igiya, musamman a watannin Oktoba da Nuwamba. Wani yanki mai girma na waɗannan duwatsu yanzu mallakar masu hawan ne da kansu, da kuɗin da suka tara ɗaiɗai da ɗaiɗai suka saya. Duk wanda ya ji wannan karon farko sai ya yi dariya, daga nan tambayoyi su biyo baya. Ga waɗanda aka fi yi.

Wai shi dutse ma sayensa ake yi?

Ƙasar da yake kai ake saya, shi kuma ya biyo ta. A yammacin Amurka akasarin duwatsun da ake hawa suna cikin filayen gwamnati ne, irin su gandun Yosemite. A gabas da kudu maso gabas abin ya sha bamban: daji da tsauni kusan duk suna da mai su, ko manomi, ko kamfanin katako, ko magada da suka watsu cikin birane ba su ma taɓa taka filin kakansu ba. Wanda ya tsallaka iyakar filin wani ba da izini ba ya karya doka, ko da dutse kawai ya je taɓawa.

In mai fili ya yarda a riƙa hawa, me ya kawo maganar saye?

Kayan aro ba ya rufe katara. Yardar baki takan yi shekara ashirin tana aiki, rana ɗaya ta ƙare. Dattijon da ya ce "ku hau abinku" ya rasu, 'ya'yansa su sayar wa mai gina gidajen shaƙatawa. Ko kamfanin fasa dutse ya taya da tsada. Ko kuma, wanda ya fi yawa kuma ya fi ciwo, masu hawan su ɓata rawarsu da tsalle: su tare hanya da motoci, su saki karnuka, su yi bahaya a bayan kowane dutse, su cika daji da hayaniya.

A nan Red River Gorge ɗin an gani da ido. A shekarar 2011 masu wani fitaccen wuri da ake kira Roadside suka rufe shi saboda yadda baƙi ke karya ƙa'idojin da aka gindaya musu. Masu filin su ma masu hawan dutse ne, abin ya ishe su ne kawai. In har ɗan'uwanka a sana'a zai iya sa maka kwaɗo, ina ga wanda bai san daɗin abin ba?

Su wa ke saye, kuma sunan wa ke kan takarda?

Ƙungiyoyin yanki ne masu rajista, waɗanda ba na neman riba ba. A Kentucky akwai Red River Gorge Climbers' Coalition, wadda aka kafa a 1996. A jihohin kudu maso gabas akwai Southeastern Climbers Coalition, tun 1993. A jihohin Carolina biyu akwai Carolina Climbers Coalition. Sama da su akwai ta ƙasa baki ɗaya, Access Fund, da aka kafa a 1991, mai hedikwata a Boulder ta jihar Colorado.

Sunan ƙungiya ne ke kan takardar mallaka. Ba sunan shugaba ba, ba na wanda ya fi kowa ba da kuɗi ba.

Me suka saya kawo yanzu?

Ƙungiyar Kentucky ta fara da babba. A 2004 ta sayi eka 750, wajen filin ƙwallo 400 ke nan in an jera su, aka raɗa wa wurin Pendergrass-Murray Recreational Preserve. A lokacin ƙungiya ce ta 'yan sa-kai, mutane ƙalilan, kuma bashi ta ci ta saya. Shekara takwas ana biya kashi-kashi, kowace shekara ana fargabar ko kuɗin zai cika, sai a 2012 aka sauke nauyin. Tawadar ba ta gama bushewa ba, a 2013 suka sake cin wani bashin suka sayi eka 309 a Miller Fork. A 2017 suka ƙara eka 102 a Bald Rock, inda bangon nan mai suna Motherlode yake, wanda gwanayen duniya ke zuwa gwada ƙarfinsu a kai.

A wasu wuraren ma an yi. Ƙungiyar Carolina ta sayi Laurel Knob a 2006, dutse mai tsawon kusan ƙafa 1,200, ɗaya daga cikin mafi tsawo a gabashin ƙasar. Ta kudu maso gabas ta ceci wani ɗan yanki na Boat Rock a birnin Atlanta, inda gine-ginen gidaje suka riga suka cinye mafi yawan duwatsun. A 2016 ta jagoranci sayen eka 685 a Denny Cove ta jihar Tennessee a kan kimanin dala miliyan 1.2, tare da wasu ƙungiyoyin kare filaye da gwamnatin jiha.

Muir Valley, wani kwari a yankin Red River Gorge, labarinsa daban ne. Wasu ma'aurata, Rick da Liz Weber, su suka sayi kwarin da kuɗinsu, suka gyara shi, suka buɗe wa kowa. Da suka so su huta, sai suka sa sharaɗi: in ƙungiyar abokan kwarin ta iya tara dala 200,000, za su ba ta filin kyauta. Kuɗin ba nasu ba ne, na kula da wurin ne, so suke su ga ko jama'a za su iya riƙe abin da za a damƙa musu. Aka tara, aka miƙa filin a 2015. A ganina babu sharaɗin da ya kai wannan hikima a duk wannan harka.

Daga ina kuɗin ke fitowa?

Daga aljihun mutanen da yawancinsu ba masu kuɗi ba ne: ɗalibai, ma'aikatan jinya, malaman makaranta, har da waɗanda ke kwana cikin mota wata da watanni don su zauna kusa da dutse. Akwai kuɗin zama ɗan ƙungiya na shekara. Akwai masu umartar banki ya riƙa cire ɗan wani abu kowane wata, kuma ma'aji ya fi son irin waɗannan a kan mai ba da babbar kyauta sau ɗaya, don da su ake sanin abin da zai shigo baɗi.

Sai bukukuwa. Kowace Oktoba ana yin Rocktoberfest a Kentucky, ana gasa, ana gwanjon igiyoyi da takalma da kamfanoni suka bayar, gwanaye na koyarwa, kuɗin shiga ya tafi asusu. A Atlanta ana yin gasar Float the Boat don kula da Boat Rock. Gidajen hawan bango na cikin gari, waɗanda suka yawaita ƙwarai tun kafin wasan ya shiga gasar Olamfik ta Tokyo a 2021, su ma sukan ware dare guda su tara gudummawa.

Kamfanonin kayan hawa sukan yi wata dabara: su ce duk dalar da jama'a suka bayar cikin mako biyu, za su ɗora wata dalar a kai. Wannan yakan tayar da mai jan ƙafa. Su ma kamfanonin ba don Allah kaɗai suke yi ba. In babu dutsen hawa, wa zai sayi igiya?

Mai fili zai zauna jiran a gama tara kuɗi ne?

Ba zai jira ba, kuma nan ne ciniki da yawa ya lalace a da. Fili ya fito kasuwa, dillali ya ba da wata biyu, ƙungiya kuwa shekara uku take buƙata. Don toshe wannan giɓi Access Fund ta buɗe wani asusun rance a 2009. Ƙungiyar yanki ta karɓi kuɗi nan take ta biya mai fili, sannan ta koma wajen jama'a ta tara ta mayar cikin 'yan shekaru, kuɗin da aka mayar kuma a ranta wa wata ƙungiyar a wata jiha. Kusan kamar adashi, sai dai a nan ba layi ake bi ba, wanda wuta ta fi kamawa shi ake fara ba wa. Da wannan rance aka sayi Miller Fork da Bald Rock.

Wata hanyar ita ce a ba da kafin alƙalami, a sa hannu cewa mai fili ba zai sayar wa kowa ba har zuwa wani wa'adi. Haka aka yi da Lower Town Wall a garin Index na jihar Washington, tsohon wurin fasa dutse, wanda masu hawan jihar suka kammala saya a 2010.

Na ba da dala 50. Ina da kaso a filin ke nan?

A'a. Ba hannun jari ka saya ba, kyauta ka yi. Ba za ka yanki gefe ka kafa bukka ba, ba za ka hana wani hawa ba, 'ya'yanka ba za su gāji ko taku ɗaya ba. Mai biyan haraji a Amurka yana iya samun rangwame a kan gudummawar da ya ba irin waɗannan ƙungiyoyi. Bayan wannan, abin da ka samu shi ne ƙofa a buɗe.

Wanda bai ba da ko sisi ba fa?

Shi ma ya shiga. A filayen ƙungiyar Kentucky ana neman kowa ya cike takardar ɗaukar alhakin kansa ta intanet kafin ya hau, amma ba a tambayarsa rasit na gudummawa. Masu cin bulus sun fi masu bayarwa yawa nesa ba kusa ba, kuma wannan yana ƙona ran 'yan kwamiti. Muir Valley ta daɗe tana dogaro da akwatin sadaka a bakin ƙofa, daga baya ta koma karɓar kuɗin ajiye mota.

An gama biyan bashi. Shi ke nan an huta?

Nan aikin yake farawa, kuma nan ne tara kuɗi ya fi wuya. Ka ce wa mutane "za a rufe dutsen da kuke so nan da kwana 60", kafin ka rufe baki kuɗi sun fara shigowa. Ka ce musu "muna buƙatar tirela goma ta tsakuwa da kuɗin kwashe masai", sai ka ji shiru. Ba wanda ke son ɗaukar hoto da kwalbati.

Alhali kuwa waɗannan su ne ke cin kuɗi kowace shekara. Hanyoyin da ke shiga waɗannan filaye na ƙasa ne, a kan gangara, kuma yankin na samun ruwan sama mai yawa. Mamako ɗaya ya isa ya yanke hanya ya bar motoci a ƙasan kwari. Akwai inshora. Akwai lauya da masu safiyo, don iyakokin filaye a waɗannan tsaunuka tsofaffi ne, wasu da bishiya ko rafi aka kwatanta su a takarda, bishiyar ta daɗe da faɗuwa. Akwai wajen ajiye motoci da kullum yake ƙaranci, da gadojin katako, da alluna, da wuraren da aka tanadi kayan ceto.

Sai ƙafar mutane. Gindin dutse ƙasa ce mai laushi. In dubban mutane suka tsaya wuri guda shekara da shekaru suna riƙe wa abokansu igiya, ƙasar takan daskare, ciyawa ta mutu, saiwoyi su fito fili, ruwa ya wanke sauran. A wasu wuraren ƙasa ta zaizaye har ƙusar farko da ake maƙala igiya a jikin dutse ta yi wa mai hawa nisa fiye da yadda aka kafa ta. Maganin shi ne a gina matakala da dandamali na dutse, kuma da hannu ake yi, don mota ba ta kai wa can. Shi ya sa kowace ƙungiya ke da ranakun aikin gayya, mutane su fito da shebur da diga su yi yini suna jan duwatsu, da yamma a ci abinci tare.

Ƙusoshin ƙarfen da ake kafawa a jikin dutse don maƙala igiya su ma suna tsufa. Dutsen yashi na riƙe danshi, tsohon ƙarfe na yin tsatsa daga ciki inda ido ba ya gani. Sauya su da ƙarfen da ba ya tsatsa aiki ne na ƙwararrun 'yan sa-kai, galibi da wani asusu na daban, kuma hanyar hawa ɗaya takan ɗauki ƙusa goma ko fiye. Ka lissafa da ɗaruruwan hanyoyi.

Saboda haka ƙungiyoyin da suka yi hankali, in za su roƙi kuɗin saye, sukan ɗora kuɗin kulawa a kai tun farko, tun zukata na da zafi.

Na ga hotunan Pendergrass-Murray da rijiyoyin mai a ciki. Ba an ce an saya ba?

Saman ƙasa aka saya. A Amurka ana iya raba mallakar fili biyu, wani ya riƙe sama, wani ya riƙe ma'adinan da ke ƙarƙashi. Ɗan Najeriya ba zai yi mamaki sosai ba, tunda a can ma mai gona ba shi da iko da ma'adinan ƙarƙashinta, sai dai a Najeriya na gwamnatin tarayya ne, a Kentucky kuwa yana iya zama na wani kamfani. An shafe sama da shekara ɗari ana haƙar mai a wannan yanki, kuma har yau famfunan na aiki a cikin Pendergrass-Murray. Mai haƙar yana da haƙƙin bin hanya zuwa rijiyarsa. Don haka doka ta farko ga baƙo ita ce kada ya ajiye mota inda za ta tare hanyar tankar mai ko kusa da kayan aikinsu. A shekarun farko an yi ta samun saɓani a kan haka, har da janye motocin mutane.

In wani ya faɗo ya ji rauni, wa za a kai ƙara?

Tsoron wannan ne ke sa masu filaye da yawa su ce a'a tun farko. Jihohin Amurka na da dokokin da ke rage alhakin mai filin da ya bar jama'a su shiga shaƙatawa, musamman in bai karɓi kuɗin shiga ba. Wannan ma na cikin dalilan da ke sa ƙungiyoyi taka-tsantsan da maganar tikiti. Duk da haka suna yankar inshora, don kare kai a kotu ma kuɗi ne ko da an yi nasara.

Abin da ya faru a Faransa ya nuna girman haɗarin. Can hukumar wasan ta ƙasa ba sayen duwatsu take yi ba, yarjejeniya take ƙullawa da masu filaye ta ɗauke musu alhaki. A 2010 wani ɓangaren dutse ya ɓalle a Vingrau ya raunata mutum biyu. Kotu ta ɗora wa hukumar biyan diyyar da ta haura Yuro miliyan ɗaya, ba don ta yi sakaci ba, sai don ita ce mai riƙe da wurin a idon doka. A 2020 hukumar ta sanar da janyewa daga ɗaruruwan irin waɗannan yarjejeniyoyi, wasu wurare suka shiga halin ƙila-wa-ƙala, sai a 2022 aka sassauta dokar.

In ƙungiyar ta mutu, ko wasu shugabanni suka zo suka ga fili ya yi tsada suka sayar fa?

An yi tunanin wannan. Akwai wata yarjejeniya da ake rubutawa a liƙa wa takardar fili, mai hana gini da rarrabawa, mai tabbatar da damar hawa, kuma tana bin filin duk hannun da ya koma. Wata ƙungiya ta daban ke riƙe da ita tana sa ido. Access Fund ce ke riƙe da irinta a kan filayen ƙungiyar Kentucky. Mai karatu zai ga ta yi kama da waƙafi: abu ya fita daga hannun ciniki, an tsayar da shi a kan wata manufa.

Wasu kuma miƙa wa gwamnati suke yi. Denny Cove ya shiga cikin gandun jiha na South Cumberland. A Rumney ta jihar New Hampshire, filin da masu hawa suka saya a shekarun 1990 ya koma cikin gandun daji na tarayya. Wannan na sauke nauyin kulawa, amma yana nufin gobe jami'in gwamnati ne zai yanke ko za a kafa sabuwar ƙusa.

Yaya mai bayarwa zai san ba a cinye kuɗin ba?

Irin waɗannan ƙungiyoyi na miƙa wa hukumar haraji bayanin shiga da fitar kuɗinsu kowace shekara, kuma kowa na iya dubawa a intanet. Cinikin fili ana rubuta shi a ofishin ƙaramar hukuma. Kafin ka bayar, ka tambayi abu uku: an sa hannu da mai fili ko har yanzu magana ce, akwai hanyar shiga ta halal ko fili ne da filayen wasu suka kewaye, kuma ina kuɗin zai tafi in cinikin ya watse. Wanda ya kasa amsa waɗannan cinikin biri a sama yake so ka yi.

Kiyaye daji ne wannan, ko dai sayen filin wasa ne aka sa masa riga?

Duka biyun, kuma gara a faɗi gaskiya. Don hawa aka saya. Huda dutse a kafa ƙarfe, da farin alli a jikin bango, da hanyoyi a inda da babu, duk illa ce. Amma a auna da abin da zai faru in ba a saya ba: sare daji ƙarƙaf, ko fasa dutsen a yi tsakuwa, ko jera gidaje a kan tsauni. Masu hawa siririn layi suke amfani da shi a gindin dutse, sauran ɗaruruwan ekoki na zaune daji.

Akwai kuma abin da ke buƙatar kulawa ta musamman. A Red River Gorge akwai wani ɗan fure mai ruwan ɗorawa da ke tsirowa a ƙarƙashin rumfunan dutse, ba a samunsa ko'ina a duniya sai can. An sa shi cikin jerin tsirrai masu fuskantar barazana a 1988, aka killace wurarensa, aka cire shi daga jerin a 2016 bayan ya farfaɗo. A wurare da dama kuma ana rufe wasu bangaye na 'yan watanni lokacin da shaho ke ƙyanƙyasa.

Mutanen garin me suke samu?

Ƙaramar hukumar Lee ta Kentucky, inda yawancin filayen ƙungiyar jihar suke, na cikin yankuna mafi talauci a Amurka. Wani bincike na jami'ar Eastern Kentucky a 2016 ya ƙiyasta cewa masu hawa na kashe kimanin dala miliyan 3.6 a yankin kowace shekara, a masauki da abinci da man mota. Da irin wannan lissafi ake shawo kan 'yan majalisa. Sai dai ba kowa ke murna ba. Filaye sun yi tsada, gidajen haya na baƙi sun yawaita, kuma ɗan gari da ya tashi yana farauta ko tuƙa babur a wani daji ba ya jin daɗi in ya tarar da allon ƙa'idoji da baƙi suka kafa.

Akwai inda kuɗi ba ya aiki?

Akwai. Dutsen da wasu mutane ke girmamawa tun kaka da kakanni ba na sayarwa ba ne. A Devils Tower ta jihar Wyoming, tun 1995 ake roƙon masu hawa su ƙaurace wa dutsen a watan Yuni, lokacin da ƙabilun asali ke ibadunsu. A tsaunukan Grampians na Ostareliya an rufe yankuna masu faɗi a 2019 don kare zane-zanen mutanen asali da ke jikin duwatsu.

A Amurka kaɗai ake yi?

Can ya fi yawa, saboda yadda dokar mallaka take. A Ingila da Wales dokar shekarar 2000 ta buɗe wa jama'a tsaunuka da filayen daji masu yawa ko da suna da masu su, Scotland kuma ta yi tata a 2003, wadda ta fi faɗi. Don haka saye a can sai in ya zama dole. Duk da haka British Mountaineering Council, da aka kafa a 1944, tana riƙe da wasu wurare ƙalilan da kuɗin 'ya'yanta, irin su Horseshoe Quarry da Stone Farm Rocks a Ingila, da Craig Bwlch y Moch kusa da Tremadog a Wales, inda 'yan sa-kai ke fitowa lokaci-lokaci su sare itatuwa da kurangar da ke neman rufe dutsen.